Jagora Ga Mai Son Komai Ya Fito Ba Aibi: Ka Riƙe Ƙa'idarka, Ka Ajiye Bulala

A Aboabo da Asawase da sauran unguwannin zango na Kumasi, mutumin da ba ya sakin aiki sai ya duba shi sau goma yabonsa ake yi. A ce wane ba ya wasa da aiki, wance ba a taɓa kama ta da kuskure ba. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa cikin masu shan wannan yabo akwai waɗanda ke biyansa da barcinsu da kwanciyar hankalinsu, kuma su ne na ƙarshen zuwa neman taimako, domin a wurinsu zuwa asibiti ma gazawa ce.

Abubuwa biyu ne ake cakuɗawa. Na farko son ƙwarewa, wato mutum ya ɗora wa kansa buri mai tsayi ya bi shi. Na biyu tsoron kuskure, inda mutum ke auna darajarsa kacokan da sakamakon aikinsa. Ɗauki teloli biyu ana saura sati guda Sallah, kowanne ya ga hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo da rabin inci. Na farko ya ja tsaki, ya farke, ya gyara, ya ɗauko yadi na gaba. Na biyu shi ma ya gyara, amma da dare ya kasa runtsawa, yana ce wa kansa shekara goma sha biyar a kan keke amma har yau bai iya ba. Da safe sai ya sauko da duk ɗinkin da ya riga ya ninke yana sake aunawa. Rana ta tafi, alkawari ya saɓa, masu kaya suka zo suna faɗa, shi kuma ya ɗauki faɗan a matsayin shaidar cewa dama bai iya ba. Ƙa'idar aikinsu ɗaya ce. Abin da ya raba su shi ne yadda kowanne ya yi da kansa bayan kuskuren, kuma nan ne wannan jagora za ta yi aiki.

Yadda abin ke kai mutum ga fargaba da ciwon damuwa

A 1991 wasu masana biyu a Kanada, Paul Hewitt da Gordon Flett, suka kasa wannan hali gida uku: wanda ke neman kamala daga kansa, wanda ke nemanta daga wasu, da wanda ke jin cewa mutane ne ke nemanta daga gare shi kuma ba za su yafe masa ba in ya kasa. Na ukun nan shi ya fi tafiya tare da ciwon damuwa da yanke ƙauna. Thomas Curran da Andrew Hill sun tattara bayanan ɗaliban jami'a sama da 40,000 a Amurka da Kanada da Birtaniya daga 1989 zuwa 2016, suka ga wannan nau'in ya ƙaru da kusan kashi 33 cikin ɗari, fiye da sauran biyun. Alƙaluman na can ne, amma wanda ya tashi a gidan haya mai tsakar gida ɗaya, inda sakamakon jarrabawarka ta gama sakandare (WASSCE) ke kai wa kowane ɗaki kafin ka cire takalmi, ya san nauyin idon jama'a. Ɗan fari da ake jira ya ɗauki gida, amarya a gaban uwar miji, wanda ke ƙasar waje ana jiran kuɗinsa kowane ƙarshen wata, duk suna cikin wannan sahu.

Fargaba tana zuwa kafin aiki: in na kasa fa, in aka gane ban iya ba fa. Ciwon damuwa yana biyo bayan aiki, lokacin da mutum ya yi ta tauna kuskuren yana yanke wa kansa hukunci. Roz Shafran da abokan aikinta a Oxford sun bayyana zagayen a 2002. Mutum ya kafa wa kansa doka mai tsauri. In ya cika ta sai ya ce sa'a ce, ko dama abin mai sauƙi ne, ya ƙara tsaurara ta. In bai cika ba sai zagin kai. Ko ta ina ya bi babu hutu, daga nan sai yawan dubawa, ko jan ƙafa, ko gudun aikin gaba ɗaya.

Tausayin kai shi ne abin da ke sassauta wannan zagaye. Kristin Neff ta Jami'ar Texas ta fayyace shi a 2003 da sassa uku: ka yi wa kanka magana mai taushi lokacin da ka faɗi, ka tuna cewa kuskure da wahala rabon kowane ɗan Adam ne, sannan ka kalli zafin da kake ji yadda yake, ba ƙari ba ragi. A 2012 Angus MacBeth da Andrew Gumley suka haɗa nazarce-nazarce da dama suka samu alaƙa mai ƙarfi: gwargwadon tausayin kai, gwargwadon ƙarancin alamun fargaba da damuwa. A 2018 wani nazari na Madeleine Ferrari da abokanta a Ostireliya, wanda ya haɗa da manya fiye da 500, ya nuna cewa alaƙar tsoron kuskure da ciwon damuwa tana raunana a wurin masu tausayin kansu. Yawancin irin waɗannan nazari hoton lokaci guda ne, kuma abin yana tafiya ta fuska biyu, domin ciwon damuwa shi kansa yana ƙara wa mutum zagin kai. Saboda haka mataki na farko shi ne sanin inda kake tsaye.

Mataki na farko: ka auna

Ka tambayi kanka game da sati biyun da suka wuce. Yawancin ranaku zuciyarka a cushe take? Abin da ka saba jin daɗinsa ya fita ranka? Barci ya lalace, cin abinci ya canza, jiki ba ƙarfi, karatu ko lissafi ba ya shiga? A asibiti ana amfani da takardar tambayoyi tara mai suna PHQ-9, makinta daga 0 zuwa 27, da ta fargaba mai tambayoyi bakwai, GAD-7, daga 0 zuwa 21. A kowacce, maki 10 zuwa sama na nufin a ga ma'aikacin lafiya. Ana samun su kyauta a intanet, cikawa ba ta wuce minti biyar. Ka rubuta makinka da kwanan wata, ka sake bayan sati huɗu. In ka kai 10, ko tunanin mutuwa yana zuwa maka, tsallaka zuwa sashen ƙarshe tukuna. Sauran matakan za su tafi tare da magani, ba za su maye gurbinsa ba.

Mataki na biyu: sati guda kana rubutawa kawai

Ka samu ƙaramin littafi, ko ka buɗe wurin rubutu a waya. Duk lokacin da ka ji ƙirjinka ya ɗaure saboda wani aiki, ka rubuta abu huɗu: me ya faru, me ka ce wa kanka (da kalmomin da suka zo, ko da zagi ne), ƙarfin abin da ka ji daga 0 zuwa 10, da abin da ka yi bayan nan. Misali: "Lissafin kuɗin waya (MoMo) na yau ya gaza da sidi biyar. Na ce ni sakarai ne, wata rana zan karya shagon nan. Takwas. Na sake ƙirgawa sau huɗu, ban ci abincin dare ba." Biyu ko uku a rana sun isa. Kada ka gyara komai a wannan satin.

Abin da ke lalata wannan mataki sananne ne: mai neman kamala zai so littafin ma ya fito tsaf, ya ja layi da rula, in ya tsallake rana ɗaya ya yar da shi. Littafin da aka cika rabi da rubutun kaza ya yi aikinsa.

Mataki na uku: fito da dokokin ɓoye

A ƙarshen sati ka karanta, ka nemi kalmomi irin su dole, kullum, ko kaɗan, kowa. Za ka ga dokoki biyu ko uku suna maimaita kansu: dole kowa ya yaba abincina, kada in taɓa cewa ban sani ba, in na huta kafin in gama ni rago ne. Ka ɗauki ɗaya ka yi mata tambaya uku. A ina na samo ta? Me take ci mini a lokaci da barci da zumunci? Zan ɗora wa ƙanena ita? Sannan ka sake rubuta ta ta zama shiriya mai lanƙwasuwa. "Dole kada lissafi ya taɓa kuskurewa" ta koma "Ina ƙirgawa a natse sau biyu, in an samu giɓi in rubuta in bi sawunsa gobe." Ka lura ƙa'idar ba ta faɗi ƙasa ba. An dai ba ta iyaka da hanyar gyara.

Mataki na huɗu: gwaji

Nan ne canjin gaske yake faruwa, domin tsoro ba ya jin lallashi, sai ya ga hujja da idonsa. Tsarin shi ne ka yi hasashe a rubuce, ka aikata, ka kwatanta.

Mai sayar da waakye (shinkafa da wake) da ke tashi ƙarfe biyu na dare, wadda ba ta yarda 'yarta ta haɗa miya saboda gishiri zai wuce ko ya gaza, za ta rubuta: "In na bar mata miya ranar Talata, aƙalla mutum biyar za su yi ƙorafi, biyu ba za su dawo ba. Na yarda da haka kashi 80 cikin ɗari." Ranar Talata ta bar mata, ba ɗanɗanawa a ɓoye, ba tsayawa a kanta. Da yamma ta rubuta mutum nawa suka yi magana da me suka ce. Malamin makaranta da ke karanta saƙon WhatsApp sau shida kafin ya tura wa shugabansa zai karanta sau ɗaya ya tura, kwana uku a jere. Ɗaliba mai koyon aikin jinya da ke kwana kan rubutun gida za ta sa wa kanta awa biyu, in sun cika ta miƙa, ta ga ko makin ya bambanta da na wanda ta kwana a kai.

Ka jera gwaje-gwaje biyar ko shida daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ka fara da wanda tsoronsa bai wuce huɗu cikin goma ba, biyu a sati. Fargaba za ta tashi bayan ka saki aikin, hannunka zai yi ƙaiƙayin komawa ya duba. Ka bar ta. Tana hawa, ta tsaya, ta sauka da kanta, kuma duk lokacin da ka koma ka duba ka koya wa ƙwaƙwalwarka cewa dubawar ce ta cece ka. Shi ya sa sauƙin da dubawa ke kawowa ba ya daɗewa.

Wurare uku ake tuntuɓe. Wasu suna farawa da abu mafi girma, su firgita, su bari. Wasu suna yin gwajin amma da dabarar kariya, kamar su tura saƙon sannan su bi shi da ban haƙuri, sai sakamakon ya zama bai koya musu komai ba. Wasu kuma hasashensu yana ɗan tabbata, mutum ɗaya ya ce miyar yau ta sha bamban. Wannan ma sakamako ne mai amfani: ka rubuta abin da ya biyo baya, ko duniya ta tashi, ko ya saya washegari. Hankali dai ya raba: adadin maganin majiyyaci, birkin motar haya (trotro), wayar lantarki, kuɗin adashi (susu) na mutane, waɗannan ba wurin gwaji ba ne. A nan abin da ake yi shi ne ƙayyade dubawa, sau biyu bisa tsari, a rufe.

Mataki na biyar: canza muryar da ke cikin kai

Mutane da yawa suna tsayawa a nan su ce in na tausaya wa kaina ai lalacewa zan yi. An gwada wannan. A 2012 Juliana Breines da Serena Chen a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun ba ɗalibai jarrabawa mai wuya, waɗanda aka yi wa magana ta tausayin kai bayan sun faɗi sun fi daɗewa suna karatu don zagaye na biyu. Dalilin a fili yake: wanda ya san bulala na jiransa ɓoye kuskure yake yi, wanda bai ji tsoro ba shi ke iya tsayawa ya dube shi.

Paul Gilbert, masani ɗan Birtaniya, ya bayyana cewa jiki yana da tsarin jin barazana, da na fafutukar nema, da na natsuwa. Zagin kai yana kunna na barazana tamkar wani ne ke yi maka tsawa, zuciya ta buga, numfashi ya gajarta. Saboda haka a fara da jiki. Ka zauna, ka ɗora tafin hannu a ƙirji, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida. Minti biyu zuwa uku. Fitarwar da ta fi shigarwa tsawo ita ke rage bugun zuciya.

Sannan jimla uku, ɗaya ga kowane sashe. Ka ambaci abin: "Wannan ya yi mini zafi, kunya nake ji." Ka haɗa kanka da mutane: "Mutum tara yake bai cika goma ba, duk mai sana'a ya taɓa irin wannan." Ka yi wa kanka magana yadda za ka yi wa aminin da ya zo shagonka da wannan matsalar: "Sannu, ka gaji. Me za a gyara yanzu, me zai jira gobe?" Tambayar ƙarshen nan ita ke raba tausayin kai da neman uzuri. In ka ɓata wa wani, tausayin kai ya haɗa da zuwa ka ba shi haƙuri ka biya abin da ya lalace.

Ka yi wannan sau biyu a rana a lokacin da ba ka cikin tashin hankali, misali bayan Asuba da bayan Isha'i, domin ya zauna kafin ranar buƙata. Sau ɗaya a sati ka rubuta wa kanka wasiƙa ta minti goma sha biyar game da abin da ke cinka, da muryar wanda ya san ka sarai kuma yana ƙaunarka, kaka ko tsohon malami. Kwanakin farko za ka ji abin banbaraƙwai, kamar ƙarya kake yi. Wasu ma kuka ke zuwa musu ko haushi, musamman wanda ya tashi ba a saba yi masa magana mai daɗi ba. In ya yi yawa ka buɗe ido, ka taka ƙasa, ka sha ruwa, ka rage zuwa rabin minti. In tsofaffin abubuwa masu ciwo suka riƙa tasowa, a ci gaba tare da ƙwararre.

Ga Musulmi wannan ba baƙon abu ba ne. Addinin da ya tanadi ƙabli da ba'adi ya riga ya san mai salla zai yi mantuwa, kuma hadisi ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Amma wanda ke sake alwala sau biyar ko goma, ko ya yi ta maimaita kabbarar harama har liman ya yi ruku'u, waswasinsa na iya zama wata cuta daban ta maimaita tunani da aiki, wadda ke da nata magani. Ya ga malami, ya kuma ga likita.

Mataki na shida: jan ƙafa da "ya isa"

Kafin ka fara kowane aiki ka rubuta abin da zai sa a ce ya isa, abu uku kacal, da lokacin tsayawa. In farawar ce ta gagara, ka sa agogo minti goma ka yi mummunan zubin farko da gangan. Tunanin dare kuma ka ba shi wurinsa: minti goma sha biyar da la'asar, da biro da takarda, abin da ya taso bayan nan a ce masa sai gobe. Ataya da goro da lemukan ƙarin kuzari bayan la'asar suna ƙara bugun zuciya su kori barci, a rage.

Mataki na bakwai: kada aiki ya zama shi kaɗai ne ma'auninka

Ka zana da'ira ka raba ta gwargwadon abin da kake auna darajarka da shi. Da yawa za su ga aiki ko karatu ya cinye kashi uku cikin huɗu. In haka ne, rana ɗaya mara kyau a shago ta isa ta rusa mutum. Ka zaɓi abu biyu da ba a ba da maki a kansu, ka sa musu rana da lokaci kamar alkawarin kasuwa: ƙwallon yamma da samari, ziyarar gwaggo ranar Juma'a, tafiyar minti talatin a ƙafa, zama da yara ba tare da tambayar aikin makaranta ba. Kada ka jira sai ka ji sha'awa, a ciwon damuwa sha'awar tana biyo bayan motsi ne. Lokacin biki ma wurin gwaji ne: a je da kayan yayi waɗanda aka iya saya, a ga wa zai tuna bayan sati.

Wanda kuma ya gane cewa shi ne ke ɗora wa 'ya'ya ko yaran shago wannan nauyi, ya fara da abu ɗaya: in yaro ya kawo 85, kada tambayar farko ta zama ina sauran 15.

Lokacin zuwa asibiti

In alamun sun wuce sati biyu suna hana ka aiki ko kula da gida, in fargaba ta shafe watanni kusan kullum, ko ka yi sati shida kana bin matakan nan makinka bai motsa ba, ka je. A Kumasi akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, kuma asibitocin gunduma da yawa suna da ma'aikatan jinya na wannan fanni. A Accra akwai asibitin ƙwaƙwalwa da ke Adabraka da na Pantang. Ka tafi da katin inshorar lafiya da littafin nan naka, zai rage maka dogon bayani. Ka nemi a duba jini da maƙoƙo da hawan jini, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna kwaikwayon fargaba da kasala. Mai jego da ta ji haka ta faɗa wa ungozoma a wurin awon jariri.

Maganin da ya fi dacewa da wannan hali shi ne zaman tattaunawa da masanin halayya da ake kira CBT, yawanci zama takwas zuwa goma sha biyu ko fiye. In an rubuta ƙwaya irin su fluoxetine ko amitriptyline, sai ta yi sati biyu zuwa shida kafin a ji aikinta, ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an warke, kuma ba a yanke ta rana ɗaya. Ka gaya wa likita in ka taɓa yin kwanaki ba barci kana jin ƙarfi fiye da kima kana kashe kuɗi ba lissafi, domin hakan yana canza irin maganin da za a ba ka. Tramadol da diazepam na kemis ba tare da takardar likita ba suna kwantar da mutum na 'yan awoyi, sannan su ƙara masa jaraba a kan ciwonsa.

In tunanin kashe kai ya zo, ka gaya wa mutum ɗaya yau, a kawar da magunguna da guba daga kusa, a tafi sashen gaggawa ko a kira 112. Tun 2023 majalisar dokokin Ghana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka, don haka wanda ya je neman taimako majiyyaci ne, ba mai laifi ba. Masu neman kamala sun iya ɓoye halin da suke ciki, suna zuwa aiki tsaf da guga har ranar da abin ya fi ƙarfinsu. In ɗan'uwanka ya fara cewa ya zame wa kowa kaya, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa tunanin, kuma ka raka shi asibitin da ƙafarka.